Gubar Dalma a Zamfara: Aikin da Asibiti Kaɗai Ba Ya Iyawa

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci na-gari na-kowa, wato MSF, suka tarar da ƙananan yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara. Yaro zai fara amai, sai taune-taune, sai suma. Da fari an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, amma gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Yara sama da 400 suka rasu.

Daga tsakar gida cutar ta fito. Zinare ya yi tsada, noma kaɗai kuma ba ya riƙe gida, sai magidanta suka riƙa kawo duwatsun zinaren da suka haƙo, a daka su a turmi, a niƙa su a injin niƙan hatsi, a shanya garin a inda yara ke rarrafe. Dutsen yankin cike yake da dalma. Yaro ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki, shi ke nan.

Akwai maganin da ke tsamo dalma daga jini. Amma likitocin sun ɗauki wata matsaya mai ɗaci, wadda a ganina daidai ce: sai an tsabtace ƙauye kafin a ɗora yaransa kan magani, domin wanda aka sallama ya koma cikin ƙurar nan, jininsa zai sake cika. Saboda haka aikin ya fita daga ɗakin jinya. Kamfanin TerraGraphics na Amurka ya jagoranci mutanen gari suka kankare ƙasar saman gidaje, suka zuba sabuwa. Sarakuna da dagatai suka sa baki aka fitar da niƙan dutse bayan gari.

Bagega kuwa, ɗaya daga cikin ƙauyukan da gubar ta shafa, jira ta yi ta yi. Sai a 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin tsabtace ta, bayan matasa sun matsa lamba, yara kuma suna kwana cikin guba duk tsawon lokacin.

Abin da ya fi wuya shi ne sana'ar kanta. Hana haƙa ba ya hana mai yunwa, sai dai ya sa ya koma niƙa a ɓoye, cikin gida. Mai haƙa yana bukatar injin da ke niƙa da ruwa don kada ƙura ta tashi, da wurin wanka da sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Inda ba a kai wannan ba, cutar tana sake ɓulla: a 2015 ta kashe yara a yankin Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.