Abin da ya kamata ku sani game da hasashen Goldbach

Idan aka ba ka goro 12 ka raba wa mutane daidai wa daida, abin mai sauƙi ne: mutum 2 su sami shida-shida, mutum 3 huɗu-huɗu, mutum 4 uku-uku. Amma in goron 13 ne, sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaya. Duk wani rabo ban da waɗannan sai an fasa goro. Irin waɗannan lambobi su ne malaman lissafi ke kira firayim, mu kuma bari mu ce musu gagara-rabo. Na farkonsu su ne 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, 19. Guda 25 ne a ƙasa da 100, ba a saka 1 a cikinsu, kuma fiye da shekara 2,000 ke nan da malamin lissafi Yuklid ya tabbatar ba su da iyaka.

Wajen ninkawa an san halinsu sarai. Kowace lambar da ta wuce 1, in ba gagara-rabo ba ce, ana samun ta ne ta ninka su, kuma ta hanya ɗaya tak: 60 ita ce 2 sau 2 sau 3 sau 5. Wajen tarawa ne gizo ke saƙar.

A tuna da cika da mara. A cikin gagara-rabo 2 kaɗai ce cika, sauran duk mara ne. Mara biyu in sun haɗu cika suke bayarwa. Saboda haka lambar mara ba ta fitowa daga gagara-rabo biyu sai ɗayarsu 2 ce. Shi ya sa 9 ta yiwu, 2 da 7, amma 11 ta ƙi, don 2 da 9 za a nema, ita kuwa 9 tana rabuwa gida uku.

Su cika fa? 4 ita ce 2 da 2, 8 ita ce 3 da 5, 20 kuma 3 da 17 ko 7 da 13. Ita 100 hanya shida gare ta: 3 da 97, 11 da 89, 17 da 83, 29 da 71, 41 da 59, 47 da 53.

A watan Yunin 1742 malamin lissafi Christian Goldbach ya aika wa takwaransa Leonhard Euler wasiƙa daga Mosko zuwa Balin a kan wannan batu. Daga wasiƙunsu aka sami maganar da ake kira hasashen Goldbach: kowace lambar cika da ta wuce 2 jimlar gagara-rabo biyu ce. Euler ya amsa cewa ya gamsu haka ne, amma ba shi da hujja.

An yi ta gwaji. A 1938 Nils Pipping na ƙasar Finlan ya bi lambobin har 100,000 da hannu. Daga baya Tomás Oliveira e Silva na Fotugal da abokan aikinsa suka sa kwamfuta ta bi su har lambar da ake rubutawa da 4 da sifili 18 a bayanta. Ko ɗaya ba ta saɓa ba.

To me ya hana a rufe magana? A lissafi yawan gwaji ba ya zama hujja. Dubi 31, 331, 3331, a yi ta ƙara 3 a farkon lambar. Bakwai na farko duk gagara-rabo ne, har mutum ya rantse haka abin zai tafi. Ta takwas, 333333331, sai ga 17 ta raba ta ba saura. Lambobi ba sa ƙarewa, komai nisan da kwamfuta ta yi, abin da ya rage ya fi wanda aka duba.

An dai matso kusa. A 1937 Ivan Vinogradov na Tarayyar Sobiyet ya nuna cewa lambobin mara masu girman gaske jimlar gagara-rabo uku ne. A 2013 Harald Helfgott, ɗan ƙasar Peru, ya gabatar da hujjar da ta haɗa duk marar da ta wuce 5. Ita 11 da ta ƙi biyu, ga ta da uku: 3 da 3 da 5. A 1973 kuma Chen Jingrun na ƙasar Sin ya wallafa hujjar cewa kowace cika mai girman gaske jimlar gagara-rabo ce da wata lamba wadda ko dai gagara-rabo ce, ko wadda ake samu ta ninka gagara-rabo biyu. A shekarar 2000 kamfanin ɗab'i na Faber and Faber ya sa ladar dala miliyan ɗaya ga wanda ya warware ainihin hasashen, wa'adin ya cika a 2002 ba wanda ya karɓa.

Mai karatu, ɗauki biro ka gwada 98. Hanya uku gare ta, ɗaya ita ce 19 da 79. Nemo sauran biyun.