Kantar da ke jingina da bango: Yadda ake haɗa ta a gida da haɗarin da ke tattare da ita

Duk wanda ya taɓa zama a ɗaki ɗaya ko ciki da falo na haya ya san cewa wajen ajiye kaya babbar matsala ce. Durowa tana da tsada kuma tana cin fili, sannan yawancin masu gidaje ba sa son a riƙa fasa musu bango. Wannan ne ya sa wata irin kanta ta katako mai siffar tsani ke burge mutane: ƙafafu biyu a ƙasa, kai a jingine da bango, allunan ajiye kaya kuma suna raguwa a faɗi daga ƙasa zuwa sama.

Mai zarto, tef ɗin awo, filam irin na magina da injin huda zai iya haɗa ta a zaure ko tsakar gida cikin kwana ɗaya ko biyu. Sai dai sauƙin nata yana ɓoye abu guda: kanta ce da ba ta iya tsayuwa da kanta. Idan aka yi sakaci da karkatarta ko da ɗaure kanta, tana iya zama haɗari, musamman a gidan da akwai ƙananan yara.

Zaɓen katako

Aikin yana farawa ne daga kasuwar katako. Ana buƙatar dogayen katako biyu masu kaurin inci 1 da faɗin inci 3 domin ƙafafu, sai falanki mai faɗin inci 12 ko filawud mai kaurin milimita 18 domin alluna.

Maɗaci yana da ƙarfi da kyan launi, amma yana da nauyi da tsada. Obeche ba shi da nauyi kuma yana da sauƙin yanka, sai dai yana da taushi, ƙwari ma suna son sa. Malaina tana tsaka-tsaki.

Abin da ya fi nau'in katakon muhimmanci shi ne bushewarsa. Katakon da aka kawo daga kurmin Kudu da sauran danshi yana tsukewa idan ya sha iskar hunturu a Arewa, har ya lanƙwashe ko ya tsage. Ya kamata a jera shi a inuwa na 'yan makonni, a sa ƙananan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa. Kafin a biya kuɗi kuma, a ɗaga kowane katako a hangi tsawonsa da ido ɗaya. Wanda ya murɗe ba zai zauna daidai a bango ba.

Lissafin ɗaya cikin shida

Galibin irin waɗannan kantoci ana karkata su ne da kusan digiri 10. Wanda ba shi da ma'aunin kusurwa yana da hanya mai sauƙi: a duk santimita 6 na tsayi, ƙafar ta nisanci bango da santimita 1. Kanta mai tsayin santimita 180 ke nan ƙafarta za ta yi nisan santimita 30 daga bango, kuma kowane dogon katako zai kai kusan santimita 183.

Ana jingina katakon a bango a wannan nisa, a kwantar da guntun katako a ƙasa kusa da shi, a bi saman guntun da fensir. Idan aka yanke a kan layin, ƙafar za ta zauna daram a daɓe. Haka ake yi a sama domin kan ya manne da bango.

Daga nan sai a yi alamar wurin kowane allo da filam, yayin da katakon ke jingine. Idan aka bar tazarar santimita 36 tsakanin allo da allo, aka fara daga santimita 24 sama da ƙasa, faɗin allunan daga bango zai kasance kusan santimita 33, 27, 21, 15 da 9. Na ƙasan ya fi falanki ɗaya faɗi, don haka sai an haɗa biyu ko a yi amfani da filawud. Tsawon allo kada ya wuce santimita 60 zuwa 70, domin allo mai tsawo yana lotsawa a tsakiya idan aka jera masa littattafai.

Kuskuren da sababbin hannu suka fi yi shi ne yi wa ƙafafun biyu alama a fuska ɗaya. Ƙafar dama da ta hagu suna fuskantar juna ne, don haka alamar kowacce a cikinta take.

Haɗawa

A kan kowane layi ana manna ƙaramin katako da gam da sukuru, shi ne zai tallafi allon. Yana da kyau a fara huda ƙaramin rami kafin a ɗaura sukuru, domin busasshen katako yana tsagewa kusa da baki. Ƙusa kaɗai ba ta isa, tana sassautawa a hankali.

A bayan kowane allo ana sa siririn katako mai tsayin santimita 4 ko 5, domin kada kaya su zame ta baya. Sai a gilma katako ɗaya a can sama tsakanin ƙafafun biyu, wanda zai hana kantar rangaji, kuma ta nan za a ɗaure ta.

Bayan an goge da sanfefa, sai a shafa banish ko fenti a waje inda iska ke kaɗawa, da takunkumi a hanci. A ƙarƙashin ƙafafun a manna guntun robar tsohuwar taya. Robar tana hana santsi a kan tayil, tana kuma raba katakon da danshin ƙasa a lokacin damina.

Inda haɗarin yake

Lissafi yana nuna yadda riƙon kantar yake da rauni. Idan ita da kayanta sun kai kilo 20, ƙarfin da take danna bango da shi a sama bai kai na kilo 2 ba. Yaron da ya kama tsakiyarta ya ja baya da ƙarfin kilo 3 zuwa 4 zai iya janyo ta kansa. Ga shi kuma siffarta ta tsani tana kiran yaro ya hau.

Faɗowar kayan ɗaki a kan yara ba sabon abu ba ne. A watan Yunin 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi kusan miliyan 29 daga kasuwar Amurka bayan wasu sun faɗo sun kashe ƙananan yara. A watan Disamban 2022 kuma Amurka ta kafa dokar da ake kira STURDY, wadda ta tilasta gwada tsayuwar durowoyin tufafi kafin a sayar. Waɗannan kaya ne masu ƙafa huɗu, balle kanta mai ƙafa biyu.

Maganin ba shi da tsada: a huda bango wuri biyu, a sa fisha, a ɗaure gilmammen katakon sama da sukuru biyu. Ɗan haya ya nemi izinin mai gida, domin ramukan ƙanana ne, ana toshe su da ɗan siminti ranar tashi. A bangon ƙasa fisha ba ta kamawa sosai, don haka gara a nemi wani bangon ko a haƙura da irin wannan kanta.

Wajen jera kaya, masu nauyi kamar littattafai da kwanuka su zauna a ƙasa, marasa nauyi a sama. Kada a ajiye alewa, waya ko abin wasa a allon sama inda yaro zai hango, haka ma kasko mai wuta ko fitilar kananzir. Bayan hunturun farko kuma a sake bin kowane sukuru a ƙara ɗaurewa, domin katakon zai ɗan tsuke.