Yunwar da Abinci Ba Ya Kashewa

'Yan'uwa, a bayan tumbin kowane mutum akwai wata gaɓa doguwa, tsawonta kamar santimita 15. Likitoci suna kiranta fankiriyas. Tana zuba sinadarai cikin jini. Su ne 'yan aiken da ke gaya wa jiki yadda zai yi da abin da muka ci.

'Yan aike uku

Idan kun ci tuwon masara, rogo ko kunu, ciki yakan mai da shi sukari, ya shiga jini. Nan da nan fankiriyas ta saki insulin. Shi ke buɗe wa sukari ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Abin da ya rage ya sa a ajiye shi a hanta, kamar hatsi a rumbu, wani kuma ya zama kitse.

Tare da insulin ake sakin amilin. Yana sa abinci ya bar tumbi a hankali, yana kuma sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi.

Na uku shi ne gulukagon. Idan kun yini a gona ba ku ci ba, shi ke buɗe rumbun hanta, sukari ya koma jini, kada ƙarfinku ya ƙare.

Idan insulin ya gaza

Wani lokaci fankiriyas ba ta yin isasshen insulin, ko kuma jiki ya daina jin maganarsa. Sai sukari ya taru cikin jini, tsoka kuwa ba ta samu ba. Mutum ya ci ya cika ciki, jim kaɗan yunwa ta dawo. Jiki ya fara cin kitsensa da tsokarsa, mutum yana ci yana ramewa. Ƙoda ta riƙa zubar da sukarin cikin fitsari tare da ruwa mai yawa, shi ya sa ake yawan fitsari da ƙishirwa. Wannan shi ne ciwon sukari. Ba sammu ba ne. In an bar shi, yakan lalata ido da ƙoda, ya hana gyambon ƙafa warkewa.

Abin da za ku yi

In kun ga waɗannan alamu, ku zo asibiti da safe kafin ku karya kumallo. Ɗigon jini ɗaya daga yatsa ya isa awo. Idan ya kai giram 1.26 a lita, za a sake awon don a tabbatar.

Ku rage shayi mai sukari da lemon kwalba. Ku rage malmalar tuwo, ku ƙara wake, gyaɗa, zogale da miyar ganye, domin sun fi riƙe ciki. Ku ci a hankali.

Mai shan maganin sukari ko yin allurar insulin kada ya tsallake cin abinci. In ya ji rawar jiki, gumi da yunwa mai tsanani farat ɗaya, sukarinsa ne ya sauka. A ba shi ruwan sukari nan take, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa kome a baki. A kawo shi asibiti da sauri.