Mene ne maƙalin waya a cikin holda?

Ana yawan ɗora alhakin gobara kan wayar lantarki, amma da wuya a tuna da holda, mazaunin ƙwan fitila. Cikinta akwai ƙananan sukurori da ke riƙe tagullar waya. Aikinsu isar da wuta ne kawai. Idan nauyin ƙwai ya rataya a kansu, ko ana yawan jan wayar, sai su saki, wurin ya ɗau zafi, ko tagulla ta fito tsirara da wuta mai ƙarfin bolt 230.

Maƙali ɗan matsi ne da ke damƙe rigar wayar, duk wani ja ya tsaya a kansa. Ƙulla wayar a maimakonsa ba ya wadatarwa, yana ma raunana tagulla. Masu rumfunan kasuwa, inda ƙwai ke reto, su duba maƙalin kafin su sayi holda.