Dabarar Tambayar Rumbun Bayanai

A zamanin En'e, idan Hakimin Ƙaraye ya nemi sanin yawan masu biyan haraji a Rogo, sai malamin haraji ya bi littafi shafi-shafi yana ƙidaya. Yau irin wannan lissafi yana cikin kwamfuta, a rumbun bayanai.

A 1970, Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo shawarar a riƙa jera bayanai layi-layi cikin jadawali. A 1974 abokan aikinsa, Chamberlin da Boyce, suka tsara harshen tambayar jadawalin, wanda ake kira SQL. Gindin tambayar uku ne, watau abin da za a zaɓo, da jadawalin da yake ciki, da sharaɗin zaɓen.

To, amma kwamfuta ba ta san Mamman shi ne Muhammadu ba. Idan akawu ya rubuta sunan ma'aikaci iri biyu, ko dai a ƙidaya shi sau biyu, ko kuwa albashinsa ya maƙale. Saboda haka, ya kamata tarurrukan masu rubuta manhaja, kamar DevFest na Kano, su riƙa gayyatar akawunan ƙananan hukumomi, domin daga hannunsu gyara yake farawa.