Agajin Korona Da Manomin Umarari

Daga Wakilinmu na Arewa, Maiduguri

In mutum ya fita Maiduguri ta hanyar Damboa, kafin ya yi nisa zai iske Umarari, daura da Molai. Nan ne 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bam a masallaci ran 16 ga Maris, 2016, lokacin sallar asuba, mutum fiye da 20 suka rasu. Galibin mutanen wurin manoma ne, amma tsoron Boko Haram ya daɗe da hana su nisa da gari.

Ana cikin wannan hali sai ga annobar korona. Cutar ta ɓulla a Ikko ran 27 ga Fabrairu, 2020. Cikin watan Afrilu ta iso Jihar Barno, Gwamna Babagana Umara Zulum ya sa dokar zaman gida, daidai lokacin da manomi ke sharar gona yana neman kuɗin iri da taki.

Gwamnatin Tarayya ba ta zauna haka nan ba. Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umurni a fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan gwamnati. Babban Bankin Nijeriya ya keɓe Naira miliyan dubu 50 don magidanta da masu ƙananan sana'o'i, ta hannun bankin NIRSAL. Sa'an nan a watan Disamba Bankin Duniya ya amince da Dala miliyan 750 don shirin NG-CARES, wanda wani sashensa na manoma ne, ta ofisoshin Fadama.

To, amma a duba yadda abin yake. A Amurka, cikin Afrilun 2020, gwamnati ta ware Dala miliyan dubu 16 don a biya manoma kai tsaye, kyauta, domin can gonaki suna cikin rajistar ma'aikatar gona. Kuɗin Babban Bankinmu kuwa rance ne mai ruwa biyar bisa ɗari a lokacin, kuma sai mutum ya cika takarda ta intanet, yana da ajiya a banki da lambar BVN. Mai noman gero da wake da bai taɓa shiga banki ba, ina zai fara? Waɗanda suka samu ma, da yawa sun ɗauka kyauta ce, sai da aka zo neman biya suka farga.

Wannan ke nan. Na biyu kuwa ya fi nauyi. Ran 28 ga Nuwamba, 2020, aka yi wa masu yankan shinkafa na Zabarmari kisan gilla a gonakin Koshebe, washegari aka yi jana'izar mutum 43. Taki da iri ba su da amfani ga wanda bai tabbata zai komo gida daga gona ba.

Annoba ta wuce, amma masu magana sun ce tun ran gini ran zane. Ya kamata hukuma ta rubuta manoman kowane ƙauye tun yanzu, tare da bulamomi da lawanai da suka san gonar kowa, a kuma faɗa wa talaka da bakinsa, Barbarci ko Hausa, abin da ke rance da abin da ke kyauta. Gaba da kome, a tsare masa hanyar gona. Allah ya kiyashe mu da sake ganin irin wannan shekara, amin.