Yadda Ake Sa Wa Amalanken Lantarki Ribas, Da Kuskuren Da Ke Ƙona Kwantirola

Duk wanda ya san ƙauyukan Dambatta, Bichi ko Minjibir ya san gonaki sun matse juna. Da damina burtali kan tsuke tsakanin shingen aguwa har ya zama da ƙyar jaki da mangala ke wucewa. Jaki dai a ko'ina yana juyawa. Amalanke mai ƙafa uku da aka labta wa buhunan taki kuwa, idan ya shige lungun da ba ya ɓullewa, sai dai a sauke kayan a ja shi da hannu.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, abin hawa mai batir ya ƙara shiga ran matasa. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da ƙananan motocin haya masu aiki da lantarki. Mai ƙaramin ƙarfi a karkara kuwa, abin da yake iyawa shi ne ya nemo ƙarafa da tayoyi a Kofar Ruwa, ya samo injin lantarki na tsohon sikuta, ya haɗa da batura biyu. Yawancin irin wannan haɗi gaba kawai yake tafiya. Ana iya sa masa ribas, amma sai an fara sanin irin injin da ke jiki.

Mafi sauƙi shi ne inji mai kabon da maganaɗisu a ciki, wanda wayoyi biyu kacal ke fitowa daga jikinsa. Alkiblar da wuta ta bi ta cikin koyil ita ke yanke inda zai juya, don haka da an musanya jar waya da baƙa zai koma baya. Makunni mai ƙafa shida, wanda ake rubuta wa DPDT, shi ke yin wannan musaya. Wayoyin da suka fito daga kwantirola suna shiga ƙafafun tsakiya, na injin suna kama ƙafafu biyu na gefe ɗaya, sannan a ɗauki gajerun wayoyi biyu a gicciye su zuwa ɗaya gefen. Gara a sayi mai tsayawa a tsakiya, domin a samu gaba, kashewa, da baya.

A nan ne kuɗi ke salwanta. Wurin makunnin shi ne tsakanin kwantirola da inji. Idan aka sa shi tsakanin batir da kwantirola, to kwantirolar ce za ta sha wuta a juye, kuma kayan cikinta ba sa jure haka ko na ƙiftawar ido. Sai dai a ji fat, a ga hayaƙi.

Girman makunni ma abin dubawa ne. Inji mai wat 500 a kan bolt 24 yana jan kusan amfiya 21 a tafiya, kuma lokacin tashi da kaya cikin rairayi yakan ninka haka. Lambar da ke jikin ƙananan makunnan kasuwa yawanci ta wutar gida ce. Wutar batir ta fi wuyar yankewa, tartsatsinta kan daɗe yana cin ƙarfen ciki har ya manne. Shi ya sa gwanaye ke barin manyan rile biyu su ɗauki nauyin, ɗan maɓallin da ke kan kambu ya riƙa ba su umarni kawai. A sa fiyus kusa da batir, wayoyin kuma su zama masu kauri.

Sannan ba a juya makunni amalanke na gudu. Inji mai juyawa shi ma wuta yake samarwa kamar janareta, idan aka juya masa waya a lokacin, wutarsa da ta batir za su haɗu su bi ta koyil da ƙarfin da ya zarce kima. Ko sarƙa ta tsinke, ko kabon ya ƙone, ko direba ya tsinci kansa a kan kambu. A saki totur, a taka birki, taya ta tsaya cak, sannan a juya.

Akwai kuma inji mai kabon da ba shi da maganaɗisu, koyil ne ciki da waje, galibi da bakin waya huɗu. Shi ko an musanya wayoyin da ke kawo masa wuta, gaba zai ci gaba da yi, domin ɓangarorin biyu sun juya tare. Sai an juya wayoyin ɓangare ɗaya an bar ɗayan.

Sabbin kekuna da babura masu batir da ake shigowa da su daga Chaina kuwa, mafi yawansu injinsu ba shi da kabon. Ana gane shi da manyan wayoyi uku, rawaya da koriya da shuɗiya, da wasu sirara biyar na na'urar da ke gaya wa kwantirola inda injin yake. Dabarar musanya waya biyu ba ta aiki a nan, injin zai yi ta karkarwa yana zafi. Yawancin kwantirolar keke mai ƙafa uku tana da wayar ribas tata, ƙaramin makunni kawai ake ɗaura mata, kuma da yawa suna rage gudu idan ana baya. Wadda ba ta da ita, canza ta ya fi arha a kan naɗin sabon koyil.

Abu na ƙarshe ba na lantarki ba ne. Idan an yi amfani da haƙorin tayar baya na keke, wanda ke ƙas-ƙas idan an daina tuƙi, injin zai yi ta juyawa baya amalanke na tsaye. Dole a maye gurbinsa da haƙori kafaffe, ko a kai wa mai walda ya kashe shi. Gwajin farko kuma a yi shi tayoyin baya na ɗage a kan bulo, ba kaya a kai.